Kunyar Suruki da Jinin da Ya Daskare a Ƙafata

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Faɗa nake yi, babbar 'yata tana rubutawa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa. Ba ni da yawan zance. Wannan ɗin ma shekaru na yi ina haɗiye shi, domin duk lokacin da na tuna sai na ji ƙirjina ya matse kamar ranar da abin ya faru.

Lokacin da aka sauke tutar Turawa ni saurayi ne, ina dako a bakin kogi a Jimeta. Kakana daga Kano ya zo fatauci ya zauna, ubana a unguwar Limawa aka haife shi, ni ma a nan. Idan damina ta yi, Binuwai ya cika, jiragen kamfani suka iso, mu ne masu sauke gishiri da siminti, mu loda gyaɗa da auduga. Ban san ciwo ba a lokacin. Ƙusa ta taɓa huda mini ƙafa, na zare ta da hannuna na ci gaba da aiki. Daga baya na samu rumfa a kasuwa ina sayar da gishiri da kanwa. A nan ne wani dattijo Bafillace na Yola Gari, malamin allo, ya saba saye a wurina, har Allah ya haɗa jininmu ya ba ni 'yarsa. Danginsa ba su so ba. Ba a gabana suke faɗa ba, amma maganar tana dawo mini: wai Kaɗo ne, ba Bafillace ba, a tsaye yake cin rogo a kasuwa, ina ya san kunya. Na ƙudurta a raina ba za su taɓa kama ni da abin faɗa ba. Bappa muke kiran dattijon. Ban taɓa ci a gabansa ba, ban taɓa sha ba. Idan na hango shi daga nesa takalmina na hannu, ina durƙushe kafin ya iso. Har Goggo, ƙanwarsa, wadda ta fi kowa ƙin auren, ta fara cewa wannan Kaɗon ya fi 'ya'yansu sanin ya kamata. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya dace.

Ciwon ya fara mini bayan haihuwarmu ta fari. Zawo ne da jini da majina, da murɗar ciki mai sa gumi. Duk mai maganin da na je wurinsa a ɓoye ya ce atuni ne. Na sha ƙwayoyin atuni, na sha jiƙon bagaruwa, wani ya ce basir ne na sha nasa maganin. Sai ya lafa wata da watanni har in manta, sai kuma ya dawo ba sallama. Idan ya taso ba na iya ƙirga zuwana bayi. Na rame, wandona sai da na ƙara masa ƙulli. Ba wanda ya san gaskiyar abin sai matata, domin ita take wanke kayan. Na hana ta faɗa a gidansu. Na ce mata ranar da maganar nan ta shiga Yola, ranar zan daina shiga Yola.

Bayan an raba jihohi, Maiduguri ta zama babban birninmu, kowace takarda sai an je can. Wata damina, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, Bappa ya yi niyyar aikin hajji, aka ce sai ya je Maiduguri da kansa a yi masa allura da takardun tafiya. Babban ɗansa yana soja bai dawo ba, sauran ƙanana ne. Sai ya aiko a gaya mini ni zan raka shi. A makon nan ciwon ya taso mini sosai, jinin ya fi na kullum. Matata ta roƙe ni in aika in ce ba ni da lafiya. Na tambaye ta, idan suka ce me ke damuna, me zan ce? Ta ce in ce zazzaɓi. Na ce Goggo za ta zo duba ni, kuma Goggo idonta ba ya kuskure. Ta sa kuka. Ni kuwa na riga na gama shirina. Tun ana gobe tafiya na daina cin abinci. Da asuba na kurɓi ruwa na wanke baki na tofar. Na ɗaure cikina tamau da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Dabarata ke nan: abin da bai shiga ba ba zai fita ba.

Motar katako muka shiga. Aka ba Bappa gidan gaba kusa da direba saboda girmansa, ni kuma na hau baya na zauna a kan kayanmu, tsakanin akwatin ƙarfe da buhunan busasshen kifi na wani ɗan kasuwa. Wurin bai isa miƙe ƙafa ba. Na naɗe ta hagu a ƙarƙashina, gefen akwatin yana danne mini bayan gwiwa. Lokacin babu gada, sai jirgin fito ya ƙetare da mota, kuma layi ya yi tsawo, rana ta ɗaga sosai kafin mu hau. Tun a nan na gane abu ɗaya: idan na zauna a dunƙule ban motsa ba, cikin yana yin shiru, da na motsa sai ya murɗa. Saboda haka na daina motsi.

Ba mu wuce Girei da nisa ba sai motar ta tsaya. Bappa ne ya ce a tsaya zai kewaya. Ya sauko da butarsa, ya shiga daji can nesa, ya daɗe. Fasinjoji suka sauka suna miƙe ƙafa, ni ina sama na ce ina gadin kaya. Kafin Song ya sake tsayar da mota. Bayan Song ma haka. Mutanen baya suka fara gunaguni. Mai kifin ya ce wannan tsoho ko randa ya haɗiye kafin ya fito. Wata mata ta ce idan haka za a yi ta yi, sai an sauko daga Arfa za mu isa Maiduguri. Direba ma ya leƙo ya tambaya ko a ɗaura wa Malam buta a gefen mota ne a huta. Na ji haushinsu, na kuma ji kunya a madadinsa. Duk tsayawar da aka yi, Bappa yakan bi ta gefen da nake, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, akwai ruwa a gora. Ni kuma in ce na gode, na sha. Ban sha ba. Salla ma a zaune na yi ta da taimama, daga baya na rama.

Kusa da Gombi ruwan sama ya sauko, aka sa sandar tare hanya, domin a wancan zamani idan an yi ruwa ba a barin manyan motoci su bi hanyar ƙasa sai ta sha iska. A nan muka kwana, ni a kan kayan. Sau ɗaya cikin ya fi ƙarfina, na faki ido na sauka ta bayan mota, na dawo na koma mazaunina kamar ɓarawo. Fitsarin da na yi kaɗan ne, ja kamar shayi. Harshena ya bushe ya zama kamar fata. Har muka bi ta Biu muka shiga Maiduguri abin da ya wuce maƙogwarona bai cika ludayi ba. A masauki nakan ɓuya in kurɓi kaɗan, amma ɗaki ɗaya aka ba mu, kuma bayin yana daidai ƙofar da Bappa yake shimfiɗa buzunsa. Muka gama abin da ya kai mu, muka juyo, na sake ɗaure rawanin, na sake naɗe ƙafar nan ta hagu a wuri irin na farko. A hanyar dawowa ya riƙa tsayar da mota kamar dā.

Da na sauka a tashar Jimeta ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na ɗauka sanyin zama ne. Na raka Bappa har ya samu motar Yola, ina cije baki don kada ya ga ina ɗingishi. Washegari sharaɓata ta hagu ta kumbura, ta yi tauri, ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu, fatar tana sheƙi. Ta dama lafiyarta lau. Idan na taka sai in ji kamar ana tsaga naman daga ciki. Kafin jibi kumburin ya haura gwiwa. A nan tsoro ya fara shigata, domin na san ciwon buguwa, na san na targaɗe, wannan ba ko ɗaya ba ne. Ban faɗi ba, ban bugu ba, ba abin da ya sare ni.

Labari ya kai Yola cewa ƙafata ta kumbura, sai ga Goggo ta zo da kanta. Ciwon ƙafa ba abin kunya ba ne, don haka na bari ta gani. Ta duba ta ce jini ne ya kwanta saboda zaman mota, kuma maganinsa a tashe shi. Gaskiya ta faɗa rabi. Ta sa aka tafasa ruwa, ta gasa ƙafar da tsumma, ta shafa man shanu, ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta ta shiga tausa da ƙarfinta, daga idon sawu tana turawa sama. Tana yi tana tsokanata, wai ina ƙarfin ɗan dakon da ake ba su labari, ga shi tsohuwa ta sa shi yana gumi. Ta ce gobe a kira wanzami ya yi ƙaho a fitar da mataccen jinin. Don ƙauna ta yi. Haka ake yi wa kowa, haka uwata ma za ta yi mini da tana raye. Na yi mata godiya.

Bayan la'asar na tashi zan yi alwala. Na sunkuya zan ɗauki buta, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙirji ta dama. Na miƙe, numfashi ya ƙi shiga. Ina ja, ina ja, kamar mai shaƙa ta cikin tsumma. Zuciyata ta riƙa bugawa da sauri har ina jin ta a kunne. Na yi tari, na tofar, na ga jini a ƙasa. Na taɓa nutsewa a Binuwai ina yaro, na san yadda mutum yake ji idan ruwa ya rufe kansa. Wannan shi ne, sai dai a tsakar gidana nake, rana tana haskawa, kaji suna kiwo a gabana. Na so in kira matata, murya ba ta fita ba. Butar da na saki ce ta yi ƙara ta fito. Abin da na tuna shi ne fuskar Goggo. Matar da bakinta ba ya rufuwa ta tsaya cak da man shanu a hannu.

Maƙwabta suka ɗauke ni a kan tabarma zuwa bakin titi, aka samu motar wani mai kai hatsi ta kai ni asibiti. Kwanciya ba ta yiwuwa, sai a zaune, ina haki. Ina ta kalmar shahada a zuci, domin baki ba shi da iskar faɗa. Aka aika Yola. Kafin likita ya gama da wani mara lafiya ya zo kaina, Bappa ya iso, yana tsaye a ƙarshen gadon da carbinsa. Matata tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska saboda ubanta.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, wani malamin asibiti ne yake yi mana tafinta. Ya saurari ƙirjina, ya yaye zane ya ga ƙafar, ya auna ta da igiyar awo ya auna ɗayar. Ya ga man shanu, ya tambaya wa ya taɓa ta. Goggo ta ce ita ce. Bai yi mata faɗa ba, ya dai ce kada wanda ya sake matsa ta. Sannan ya yi bayani, malamin yana juyawa. Ya ce jini ne ya daskare ya yi guda a cikin babbar jijiyar ƙafar. Wani yanki ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe hanya a huhu, shi ya sa numfashi ya ƙi. Ya ce sauran gudan yana nan a ƙafar, kuma idan babba ya sake ɓallewa ba lallai in kai minti nawa ba. Na dubi ƙafata. Ban taɓa jin tsoron wani abu kamar yadda na ji tsoron ƙafar nan tawa ba. Mutuwata tana kwance a ciki, ni kuma ina manne da ita.

Ya ce akwai allurar da take hana jini daskarewa, kuma yanzu ya kamata a fara. Amma tana da haɗari ga wanda jini yake zuba a wani wuri a jikinsa, domin tana iya buɗe zubar. Saboda haka dole ya sani kafin ya san yadda zai auna ta. Ya tambaya ko ina zubar da jini ta wani wuri. Ya ce ya ga idona fari fat, ya ga ramata, wannan ba ta kwana biyu ba ce. Malamin ya sunkuyo ya sassauta murya ya ce mini, Malam, ta bayan gida yake nufi.

Na fahimci tambayar sarai. Hankalina bai gushe ba. Na san idan na ce a'a za su yi mini allurar yadda ake yi wa mai lafiyayyen ciki, jinin ya ɓalle mini. Na san idan na yi shiru za su tsaya jira, gudan kuma ba ya jira. Amma Bappa yana tsaye a ƙafafuna, Goggo tana gefe. Na girgiza kai. Likitan ya sake tambaya, na sake girgiza kai. Ina mutuwa ina ƙarya. Har yau idan na tuna wannan girgiza kan sai tsigar jikina ta tashi, domin na ga iyakar wautar da mutum zai iya yi da hankalinsa a jikinsa.

Sai Bappa ya juya ya fuskanci bango, ya yi magana da malamin asibitin da Fulatanci. Ina jin Fulatanci, duk wanda ya tashi a nan yana ji. Bai kira sunana ba, yaron nan ya ce. Ya ce yaron nan yana zawo da jini tun shekarar da aka yi sunan 'yarsa ta fari, yana tashi yana lafawa, kuma a watan nan ya tsananta. Ya ce daga Jimeta zuwa Maiduguri da dawowa yaron nan bai sha ruwa ba, bai sauka daga mota ba, domin shi da kansa yakan ɗaga gorar ya ji nauyinta bai ragu ba. Ya ce a gaya wa likita haka, kuma idan yaron ya musa kada a saurare shi.

Ashe ya sani tun da daɗewa. Matata ba ta faɗa ba, yawan aiken neman bagaruwa da take yi gidansu ne ya sa uwarta ta gane, ita kuma ta gaya masa. Ashe duk tsayar da motar nan da ya riƙa yi, yana shan baƙar magana daga direba da mai kifi, ba don kansa ba ne. Yakan shiga daji ya yi nisa ya daɗe don in samu in sauka ta ɗaya gefen ba tare da mun haɗa ido ba. Ni kuma ina can sama ina jin kunya a madadinsa.

Aka sa mini ƙarin ruwa, aka kawo tukunyar iska aka ɗaura mini a hanci. Suka fara allurar da kaɗan-kaɗan, suna ɗibar jinina suna dubawa, suna duba abin da nake fitarwa a tasa. Tasar nan nas take kawowa ta ɗauke a gaban kowa, ni da na ƙi sauka daga mota. Da jinin ya yi ƙasa, tsofaffin abokan dakona biyu suka zo suka ba da nasu. Kwanakin farko su ne mafi muni. An hana ni sauka daga gado. Ina kwance ina sauraron ƙafata. Idan ta ɗan motsa sai in ce shi ke nan ya taso. Idan tari ya zo sai in riƙe shi don tsoron abin da zan gani. Gefe guda kuma ina tsoron tasar, domin duk jan da na gani sai in ce allurar ce ta buɗe ni. Tsoro biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma maganin ɗaya shi ne abin tsoron ɗayan. Ni da ake cewa ba na tsoron komai a bakin kogi, na riƙa roƙon matata kada ta fita ko ɗibar ruwa.

Da numfashi ya fara dawowa, likitan ya duba cikina ta ƙasa da wani bututun ƙarfe mai fitila. Ya ce wannan ba atuni ba ne, shi ya sa maganin atuni bai taɓa yi mini aiki ba. Ya ce babban hanjina ne da kansa yake kumbura yana yin gyambo, ba tsutsa ba ce, ba kuma abin da na ci ba ne. Ciwo ne mai tafiya ya dawo, ana lallaɓa shi da magani, ba a cika rabuwa da shi ba. Sannan ya faɗi abin da ya sa nake ba da labarin nan. Ya ce mai irin wannan ciwon, musamman lokacin da ya taso, jininsa yana saurin daskarewa fiye da na sauran mutane, ko da yana zaune a gidansa. Zawo yana tsotse ruwan jiki, kumburin hanjin kuma yana sa jini ya yi saurin kamawa. Ni kuma na ƙara masa ƙishirwa, na ƙara masa zama wuri ɗaya da naɗaɗɗiyar ƙafa. Game da tausar, ya ce ba zai rantse ita ta ɓallo gudan ba, yana iya ɓallewa da kansa, amma ba a matsa irin wannan ƙafar. Na roƙi malamin kada ya juya wa Goggo wannan. Ta riga ta gane. Har ta rasu ba ta sake yi wa kowa tausa ba.

Wata safiya Bappa ya zo shi kaɗai. Ya zauna a kan kujerar da ke gefen gadon, abin da bai taɓa yi ba. Na yunƙura zan gyara, ya ɗaga hannu. Ya ɗauki gorar da ke ƙasa ya tsiyaya ruwa a ƙoƙo, ya kai baki ya sha a gabana. Tun da na san shi ban taɓa ganin maƙogwaronsa ya motsa ba. Ya sake cikawa ya miƙo mini, ya ce in sha yana kallo. Na karɓa, ruwan yana zuba a rigata, na sha. Ya ce in shanye. Na shanye. Sannan ya ce, idonsa a ƙasa, da ya buɗe baki a Girei ya ce mini sauko, da duk wannan bai faru ba. Ya ce ni na ji kunyar faɗa, shi ya ji kunyar nuna ya sani, mu biyu muka taru muka kusa mayar da 'yarsa gwauruwa da jikokinsa marayu. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan abin ke nan. Ya je hajjinsa ya dawo, ya zo mini da ruwan zamzam, ya tsaya sai da na sha a gabansa.

Na fita da raina, amma ban fita yadda na shiga ba. Ƙafar hagu har yau ta fi ta dama kauri, idon sawun ya yi baƙi, da yamma tana nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Na daɗe ina shan ƙwayoyi ina komawa ana duba jinina. Bayan wasu shekaru ciwon cikin ya sake tasowa da ƙarfi, na kwanta a gida, ban je ko'ina ba, sai ga ɗaya ƙafar ta fara zafi da tauri. Ban jira ta kumbura ba, ban bari kowa ya taɓa ta ba. Na ce a kai ni asibiti, kuma tun kafin a tambaye ni na faɗi komai, da jinin da yawansa. Wannan karon bai kai huhu ba. Tsoron kuwa bai tafi ba. Har gobe idan sharaɓata ta ɗaure ina tafiya, sai in tsaya cak in saurari numfashina.

Ga abin da zan ce wa mai karatu. Idan kana zawo da jini yana tafiya yana dawowa, kada ka zauna kana kiransa atuni ko basir, je a duba hanjin. Idan an ce maka irin nawa ne, ka sani ba ciki kaɗai yake taɓawa ba. Lokacin da ya taso ka sha ruwa ko da zai mayar da kai bayi, kada ka kwanta ko ka zauna wuri ɗaya ka daɗe, a mota ka sauka ka taka. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ba tare da ka bugu ba, ba gashi, ba tausa, ba ƙaho, sai asibiti a ranar. Idan ƙirji ya soke ka, numfashi ya ƙi, ko ka ga jini a tari, kada a jira gari ya waye. Idan likita ya tambaye ka, faɗi gaskiya ko wa ke tsaye a wurin. Ku kuma manya, idan kun san abin da yaro yake ɓoyewa, ku faɗa masa kun sani. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma na ga inda take kaiwa idan ba wanda ya tsayar da ita.

Yanzu ni ma ina da surukai. Duk wanda ya fara zuwa gaishe ni, kafin ya gama durƙuso nakan tsiyaya ruwa in sha a gabansa, in miƙa masa in ce ya shanye. Sannan in nuna masa da hannu in ce ga bayi can, bayan bishiyar lemo, ba sai ya tambayi kowa ba. Suna sunkuyar da kai, 'ya'yana suna cewa Baba ya cika ɓaro zance. Ina dai tsayawa sai na ga ƙoƙon ya koma ƙasa babu komai a ciki.